Robar Yaji da Kifayen Baffa

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadin nan muka kama hanya, ni da Baffa, daga bakin masallacin unguwarmu a PK8. Hadari ya haɗu tun jiya amma ya ƙi zuba, irin halin sama a Libreville, ta bar ka kana ta yawo da lema kamar wanda aka aika. Kayanmu ba yawa: jarkoki biyu da aka yanke wa baki, ƙaramar kula mai ƙanƙara da kifi biyu a ciki, sai ledar guzuri da uwargida ta haɗa mana.

Ga waɗanda ba su san Baffa ba, ba ƙanin mahaifina ba ne. Mutumin Garwa ne, can arewacin Kamaru, kuma shi ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na zo garin nan daga Kano ban san ko gaisuwa da Faransanci ba. Shi ya nuna mini kasuwa, shi ya nemo mini shagon da nake sayar da mayukan shafawa da sabulai da turare har yau. Ya yi shekaru yana sayar da atamfa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji da tsayuwa. Da ya bar kasuwa sai ya sami wani ɗan fili a gangaren unguwa, bakin rafi, ya haƙa tafkuna uku ya zuba karfasa, ya kuma gina kwami ɗaya na siminti da bai taɓa amfani da shi ba. Ya ce shi a nan zai tsufa, yana jefa wa kifi dusa yana jin rediyo.

To matsalar ita ce kifayen Baffa ba sa haihuwa. Duk wanda ya san karfasa ya san wannan abin dariya ne, don ita kifi ce da masu kiwo ke kuka da yawan haihuwarta. Nasa kuwa ga ci, ga ƙiba, ga sheƙi, amma ɗan tsako ɗaya babu. Ya canza musu abinci. Ya canza iyayen har sau biyu. Ya zargi wani maƙwabcinsa da baki, ya dawo ya nemi gafarar mutumin. Har rubutu ya sa aka wanke masa ya zuba a tafki, na ce Baffa yanzu dai sun sha tabaraka, saura su yi aure. Bai yi dariya ba ranar. Babban ɗansa da ke Garwa ya matsa masa ya tattara ya koma gida, ya ce ba za a bar tsoho yana gadin kifayen da ba sa ƙaruwa ba. Baffa ya amsa masa cewa zai gwada sau ɗaya tak, in wannan karon ma ba su haihu ba zai dawo kafin ƙarshen damina. Shi ba ya son tafiya, ya fi shekara talatin a nan, abokansa da kabarin matarsa duk a nan suke. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ban san yadda Libreville za ta kasance mini ba in babu shi. Dalilin tafiyar ke nan: an ba shi labarin wata mata a tsallaken ruwa mai ƙyanƙyasar karfasa, za mu je mu sayo iyaye masu kyau.

Har mun fito uwargida ta biyo ni da gudu ta miƙo mini yaji, ta ce ta san mutanen ƙasar nan da barkononsu mai zafi ba ƙamshi. A cikin robar man shafawa ta zuba shi, irin fara mai murfin ruwan hoda. Kada wannan ya ba ku mamaki, a gidana ba a yar da roba. Gishiri, kuka, daddawa, allura da zare, maɓallai, duk a robar mai suke zaune. Matan unguwa ma a wajenmu suke karɓa. Abin alfaharina ne, na kuma daɗe ina yi wa mutane wa'azi a kai.

Tasi a garin nan ba ka tsayar da ita ka shiga haka kawai. Sai ka leƙa taga ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yarda ya danna ham, in bai yarda ba ya ja motarsa ko kallonka bai yi ba. Uku suka wuce mu saboda jarkokin nan. Na huɗu da na ce masa jaka biyu, wato sefa dubu biyu, zuwa Port Môle, tashar jiragen ruwa, ya danna ham, muka shiga muna murna. Ba mu yi nisa ba wata mata mai kwalliyar coci ta leƙo ta ce Batterie IV, unguwar masu kuɗi, ta faɗi kuɗin da ya fi namu, sai ga ham har sau biyu. Shi ke nan muka zama 'yan rakiya. Ya wuce mahaɗar da ya kamata ya sauke mu ya nufi arewa, muka sha kallon gidaje masu dogayen katangu da furanni suna leƙowa, da masu gadi suna wanke motocin da ba su yi datti ba. Ban ji haushi sosai ba, don da yawan masu sayen man shagona daga nan suke aiko masu aikinsu, yau na ga inda kayana suke kwana. Baffa dai agogo yake ta dubawa yana tsaki.

Mun iso Port Môle gari ya waye tangaram. Wurin ya cika da masu dako da baro, da mata masu tallar burodi da wake, da masu jiran jirgin Port-Gentil zaune kan buhunansu. Muka tsaya wajen wani Basanagale mai shayi, na sha kofi da madara mai kauri, Baffa ya ci rabin burodi da wake ya naɗe sauran a takarda. Aka duba takardun zamanmu, aka rubuta sunayenmu, aka miƙo wa kowa rigar ruwa mai ruwan lemo. Tawa ta ƙi rufuwa a ciki. Mai jirgin, wani dogo mai hular kwano da ba na ce ga amfaninta a ruwa ba, ya dube ni ya ce kada in damu, irinmu ba ma nitsewa da wuri.

Ni Bakano ne, ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga bakinsa. Shekarata goma sha a garin nan ina kallon wannan ruwa ta tagar tasi, ban taɓa hawa kansa ba. Da injin ya tashi, gaban jirgin ya ɗaga sama, sai na ji duk addu'o'in da na sani sun zo bakina lokaci guda suna rige-rigen fita. Baffa ya girma a bakin Binuwai, ya harɗe ƙafa yana cin sauran burodinsa, yana nuna mini gari yadda yake komawa baya, dogayen benaye da itatuwan kwakwa na bakin titi. Gaskiya Libreville ta fi kyau daga nesa. Da hankalina ya ɗan dawo sai na fara lura da abin da ke yawo a kan ruwan: gorunan lemo, silifa ƙafa ɗaya, ledoji, da robobin mai, wasu har na gane irin waɗanda nake sayarwa. Na girgiza kai na ce wa Baffa dubi almubazzaranci, roba mai kyau da murfinta an jefar a ruwa. Na ce da kowa irina ne da ruwan nan tas yake. Ku riƙe wannan maganar, za ku ji inda ta kai ni.

Bayan kamar rabin awa muka bar faɗin ruwa muka shiga wani siririn rafi tsakanin itatuwan nan masu tsayawa a ruwa da saiwoyinsu a waje. Iska ta tsaya, sauro ya karɓe mu hannu biyu. Ƙananan ƙaguwa suna gudu a kan laka, wani farin tsuntsu yana tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Aka sauke mu a wani ɗan ƙauye na gidajen katako, inda mata ke shanya kifi a kan waya hayaƙi na tashi. Muka tambayi gidan mai kifi, aka nuna mana wata 'yar hanya cikin rogo da ayaba.

Matar da muka zo wurinta 'yar ƙasar ce, gajeriya, ta manyanta, da takalmin roba har gwiwa da tabarau rataye a wuya. Ta yi aikin koyar da kiwon kifi shekaru da yawa kafin ta yi ritaya ta dawo ƙauyensu. Madam muke ce mata, ita kuma ta ce wa Baffa Papa, ni kuwa tun da ta ji sana'ata ta laƙaba mini Mai Turare. Faransancin Baffa ya fi nawa nesa, nawa na kasuwa ne, ya ƙare a ciniki da rantsuwa, amma ta yi mana magana a hankali muka fahimta.

Kafin komai ta kai mu bakin wani kwami, ta sa koma ta kamo wata karfasa, ta riƙe ta a tafin hannu ta buɗe mata baki da ɗan yatsa. Jama'a, bakin cike yake da ƙwai, rawaya-rawaya kamar gero. Ashe uwar a bakinta take ɗaukar ƙwan, ba ta ci ba ta sha har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka tsorata ma bakin suke komawa. Ni ban taɓa sani ba, na ci karfasa ta fi a ƙirga. Baffa ya sani, shekara biyu yana buɗe bakunan kifayensa kowace safiya yana tarar da su wayam. Ya sunkuya yana kallon ƙwan nan, na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na juya ina kallon ayaba.

Daga nan ya buɗe kula ya fito da nasa biyun, mace da namiji. Madam ta sa tabarau ta yanka su a kan wani katako, ta daɗe tana juya kayan cikinsu da bakin wuƙa. Ta ce kifayen sun ƙoshi, ba yunwa ba ce, ba kuma cuta ta gani ba. Amma jakar ƙwan macen ba ta cika yadda ya kamata a girmanta ba, na namijin kuma ya tsuke ya zama kamar zare. Ta tambayi abincinsu, zurfin tafkin, yawansu, ko rana na samunsu. Duk amsar Baffa ta gamsar da ita. Sai ta tambayi inda yake samun ruwa, ya ce rafin unguwa, yana da 'yar hanya da yake buɗewa ya shigo. Ta cire tabarau ta ce to ba za ta sayar masa da kifinta ba. Ta ce sau biyu ya canza iyaye ba abin da ya canza, saboda haka ba kifin ne ke da laifi ba, kuma ita ba ta raini 'ya'yanta don a kai su inda za su zama juya ba. Sai ya gano abin da ke cikin ruwan nan tukuna.

Baffa ya zauna kan wani kututture. Na san abin da yake lissafawa, hanyar Garwa ce. Na yi ta roƙonta da guntun Faransancina, har na ce mata mun shiga ruwa saboda ita, ni da ban iya iyo ba. Ta yi dariya amma ba ta sauko ba. Ta ce dai mu ci abinci, ba a yanke shawara da yunwa.

Aka kawo gasasshen kifi, da rogon nan da ake naɗewa a ganye, da atanga da aka tsoma a ruwan zafi har ta yi laushi. In ba ku san atanga ba, 'ya'yan itace ne masu launin shuɗi-baƙi, cikinsu kamar man shanu mai ɗan tsami, na yi shekara uku ina ƙinta yanzu kuma in lokacinta ya wuce har kewarta nake. Na ga abinci ya yi kyau, na ce bari in gyara zaman da ya yi tsami, na zaro robar yajina na buɗe na miƙa wa Madam. Ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ƙara. Sai ta ɗaga robar tana karanta guntun takardar da ta rage a jikinta. Ta ce wannan ai na man ƙara hasken fata ne, ina man ya tafi?

Ni kuma aka taɓo mini inda nake so. Na gyara zama na fara bayani da alfahari. Na ce ni ba na sayar wa mutane kayan da wa'adinsu ya wuce, ko an goge kwanan wata ba na yi, ina tsoron Allah. Duk abin da ya lalace a shago, mai ne, man gyaran gashi ne, sabulun ruwa ne, sai in tara. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata mu kwashe shi tas mu wanke robobin a kwatar bayan shago, ruwa ya tafi da shi, roba ta yi amfani. Na ce ba ni kaɗai ba, duk layinmu haka muke, ni na koya musu. Har na ƙara da labarin maƙwabcina mai sayar da magunguna, mutumin kirki, wanda ba ya jefa ƙwayoyin da suka lalace a bola don kada yara su tsinta su sha, ko wani marar imani ya kwashe ya sake sayarwa. Ɓare su yake ya jiƙa a bokiti su narke, ya juye a kwatar. Na ciwon kai, na ƙwayoyin cuta, na tsarin iyali, duka. Na gama ina jiran yabo.

Madam ta ajiye robar a hankali ta ce, “Mai Turare, kwatar nan taka, ina take zuwa?”

Na buɗe baki zan ce ai tafiya take, sai na ga ban san ina take tafiya ba. Shekara goma sha ban taɓa tambayar kaina ba. Baffa ne ya amsa, da Hausa, ba tare da ya dube ni ba: “Gangare take yi, ɗana. Wurina take zuwa.”

Abin da Madam ta faɗa mana bayan nan zan kawo muku shi yadda na fahimta. Ta ce mu in mun sha ruwa ajiye kofi muke, kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi dare da rana, duk abin da ke ciki yana ratsa jikinsa. Ƙwayar tsarin iyali an yi ta ne don ta gaya wa jiki ya dakata da haihuwa, kuma ba ta daina aiki don an narkar da ita a bokiti, ba ta kuma san bambancin mace da karfasa ba. Ɗan kaɗan ya isa. Namijin kifi yakan rikice ya fara ɗaukar siffar mace a cikinsa, ya daina haƙa ramin da mace za ta zuba ƙwai, ko a zuba ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa. Mayukan ƙara haske da yawansu akwai magani mai ƙarfi a ciki, wasu sinadaran da ake sa wa mai da sabulu don kada su lalace ko don ƙamshi su ma suna taɓa haihuwar kifi. Abin da ya sa ba a ganewa, in ji ta, shi ne kifin ba ya mutuwa ya taso sama kowa ya gani. Yana nan yana ci yana ƙiba, zuriyar ce kawai take yankewa. Ta kuma yi mini adalci. Ta ce ba za ta rantse cewa kwatata ce ba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji, kuma duk banɗakin da ke zuba a rafin yana kawo nasa, don maganin da mutum ya sha wani yana fita a fitsari, man da ya shafa yana fita a wanka. Amma na banɗaki ɗigo ne, mu kuma bokiti muke juyewa.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na girma. Mutumin da ya ba ni tabarma da bargo, ni nake aika wa kifayensa magani duk wata, ina kuma zuwa ina yi masa ba'a. Ina neman kalmar ba da haƙuri sai Baffa ya tambaye ni wace Asabar na ce. Na ce ta ƙarshen wata. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Ya ce shi ma ranar yake buɗe wa ruwa hanya ya cika tafkunan, da gangan yake zaɓenta. Ya lura ranar ruwan yakan zo da ɗan fari yana ƙamshi, shi kuma ya ɗauka ranar ce ya fi tsabta. Ya fassara wa Madam, ta dafe kai, ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Dariyar ce ta buɗe ƙofa. Madam ta tambayi Baffa ko yana da wurin da ruwan rafin ba ya shiga, ya tuna da kwamin simintinsa. Ta ce ƙasar da sama ke zuba kusan kullum ba ta rasa ruwa mai kyau ba, ya sa indararo a rufin rumfarsa ya tara na sama. In ya yi mata alkawari kifinta ba zai taɓa ruwan rafi ba, za ta ba shi. Ya yi alkawari, ni ma ta sa na yi nawa, hannuna a kan robar yaji. Ta zaɓo mata shida da maza biyu da hannunta, tana yi wa kowanne magana kafin ta saka shi a jarka. Yajin kuwa ta juye a kwanonta ta miƙo wa Baffa robar, ta ce ya riƙe don tunawa.

A hanyar dawowa hadarin nan ya tuna da mu. Tsakiyar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya duƙa ƙarƙashin leda, ni kuwa na rungume jarka ɗaya a ƙirji ina kare ta daga girgiza. Sai da muka ga Port Môle na tuna ashe ina tsoron ruwa. Masu tasi biyar suka ƙi mu saboda ƙarni, na shida wani ɗan Kamaru ne da Baffa ya yi wa Fulatanci, ya kai mu har gangaren unguwa. Muka tarar ruwan sama ya taru a kwamin daidai gwiwa, muka ƙara da na randunan rumfa, muka saki baƙin a ciki.

Na ce zan hau tasi in koma gida, Baffa ya ce a'a, da ƙafa za mu, ta bakin rafi. Da gwiwoyin nan nasa ya shige gaba yana dogara sanda. Muka bi ruwan muna hawa, ta bayan gidajen katako da na bulo, kowane gida da ɗan bututunsa yana tsiyaya. Muka wuce bayan wani shagon gyaran gashi, kumfa na fita. Muka wuce inda mata ke wanki. Rafin ya yi ta tsukewa har ya rabu biyu, muka bi na hagu, ya zama kwata, kwatar ta kai mu bayan wani shago mai koren ƙofa. A bakin simintin akwai wani farin abu daskararre mai maiƙo da ruwan sama bai iya wankewa ba, na sa yatsa na shinshina, ƙamshin kayana ne. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba. Na tsallaka teku neman abin da ke bayan ƙofata.

Uwargida da ta ji labari ta riƙe haɓa ta ce yanzu duk robobin nan nata da alhakin kifi a kansu? Na ce robar ba ta yi laifi ba, wankin ne. Washegari bayan azahar na tara 'yan layinmu a gaban shago na ba su labari tun daga ham ɗin tasi. Wasu sun yi dariya, ɗaya ya ce kifi dai kifi ne. Maƙwabcina mai magani shi ya fi kowa damuwa, don shi da niyyar alheri yake yi. Yanzu ƙwayoyinsa a kwali yake tarawa, ya sami wani kantin magani da ya yarda ya riƙa karɓa. Mu kuma mai sai mu kwashe shi a leda mu goge robar da takarda, a ɗaure a bai wa motar shara. Ban ce wannan ne ƙarshen gyara ba, ban kuma san inda motar take kai shi ba, wannan karon dai na fara tambaya. Mutum biyu a layin har yanzu a kwata suke wankewa in ba na nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na daɗe ina cewa ruwa ya tafi da shi, ban taɓa tunanin wurin wani yake kai shi ba. Rafin nan bai tsaya a tafkin Baffa ba, ya wuce har babban ruwan da muka tsallaka, inda ake kamo kifin da muke saya a kasuwa, kuma waɗancan ba su da mai buɗe musu baki kowace safiya ya duba.

Yau sati biyar da dawowarmu, shi ya sa ma na zauna rubuta muku. Da hantsi ina jera kaya sai ga Baffa ya shigo yana haki, ya hau gangaren nan da ƙafa. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye farar roba mai murfin ruwan hoda a kan kantar shago ya ce in buɗe. Na buɗe. Ruwa ne a ciki, da wasu ƙananan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa masu ido, suna ta zagaye. Tsofaffin kifayen da ke tafkin rafi har yau shiru, in ji shi, amma uku daga cikin na kwami bakinsu ya cika, ɗaya ta saki nata da asuba.

Ya zauna a kujerata ya miƙe ƙafafu, ya ce in ba shi wayata tasa ba kuɗi. Ina tsaye da robar a hannu ina jinsa yana gaisawa da ɗansa a Garwa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa. Sannan ya ce, “Ɗakin nan da ka share mini, ka sa buhunan masara a ciki. Ina da masu jego, ba zan iya barinsu ba.”